Kallo Ya Koma Sama

*Jawabin da aka yi wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan ƙasar Daura a wani zaman hutu da suka yi a Kongolam*



Batun da aka ɗora mini yau shi ne sayen tikiti don zuwa kallon yadda ake harba roka zuwa sararin samaniya. Na san akwai wanda zai ce a zuci, ina ruwan biri da gada? Mutumin da ke fama da kuɗin makaranta da na haya, ko wanda albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba tsakiya ba, mene ne nasa da kallon roka a ƙasar Amurka? Tambayar tana da kyau, kuma zan zo kanta. Amma ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku tukuna, mu san abin da ake sayarwa, da nawa ake sayar da shi, da abin da mai saye yake samu, sa'an nan mu auna inda mu muke tsaye a cikin wannan sha'ani.

Babbar kasuwar wannan kallo tana jihar Florida, a gaɓar teku ta gabashin Amurka, inda tashar Kennedy take maƙwabtaka da ta Cape Canaveral. Daga nan aka harba kumbon Apollo 11 ranar 16 ga Yuli, 1969, wanda ya kai 'yan Adam na farko kan wata, kuma an ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan ɗaya ne suka cika tituna da bakin ruwa don su gani da idonsu. Abin da a da akan shekara ana jira ya zama ruwan dare, domin a shekarar 2024 kaɗai an harba roka fiye da 90 daga wannan gaɓa. Tashar tana da sashen baƙi, mai gidajen tarihi da motocin zagayawa da mutane, kuma shi ke sayar da tikitin kallo. Tikitin hawa-hawa ne, kamar kujerun filin ƙwallo: gwargwadon kusancinka da dandamalin harbi, gwargwadon kuɗinka. Alal misali, lokacin da za a harba kumbon Artemis na farko a 2022, an sayar da wuri mafi kusa a kan dala 250. In muka yi lissafi da canjin shekarar 2025, sa'ad da dala take wajen naira 1,500, kuɗin ya kai naira 375,000, watau ya haura albashin wata biyar na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Wannan fa kuɗin kujera ne kurum. Ba a zo maganar biza ba, balle kuɗin jirgi, da masauki, da abin sawa a bakin salati.

To, me mutum ke samu? Ko wanda ya biya mafi tsada, sai an ajiye shi nesa da rokar da wajen kilomita shida, saboda abin da ke tsaye a dandamalin nan kusan dukkansa mai ne, in ya fashe ba ya barin na kusa. Idan lokaci ya yi, haske ne ke fara isowa, mai kashe ido kamar na walda, roka ta ɗaga a hankali cikin shiru, kai ka ce bebiya ce. Dalili kuwa, sauti yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa guda, don haka sai bayan daƙiƙa goma sha bakwai ko sha takwas rugugin ke riskar 'yan kallo. Sa'an nan ne ƙasa ke rawa, mutum ya ji abin yana dukan ƙirjinsa kamar an kafa masa tambari a jiki. Wannan shi ne abin da talabijin ba ta iya kawo wa kowa gida, shi ne kuma ake biya dominsa. Bayan 'yan mintoci rokar ta zama ɗigon haske, ta ɓace, sai hayaƙi. An gama. Sauran aiki shi ne neman hanyar fita cikin cunkoson motoci.

Akwai kuma abin da ya wajaba mai saye ya sani tun kafin ya zura hannu aljihu. Tikitin nan na wurin zama ne, ba alkawari ba ne cewa roka za ta tashi. Hadari, ko iska mai ƙarfi a sama, ko yoyon mai, ko ma wani jirgin ruwa da ya kutsa yankin da aka hana shiga, kowannensu na iya sa a fasa ana saura 'yan daƙiƙoƙi. Ku dubi abin da ya sami masu kallon Artemis ɗin da na ambata. Ranar 29 ga Agusta, 2022, jama'a sun taru tun da duhu, aka fasa saboda matsala a wajen sanyaya ɗaya daga cikin injuna. Ranar 3 ga Satumba suka koma, aka sake fasawa saboda yoyon haidirojin. Daga nan guguwar teku ta taso, aka janye rokar zuwa rumfarta. Ba ta tashi ba sai ranar 16 ga Nuwamba, wajen ƙarfe biyu saura na dare. Wanda ya zo daga nesa da guzurin mako guda, ya daɗe da komawa gida hannu rabbana.

Kada kuwa wani ya ga laifin injiniyoyi a kan wannan jinkiri. Ranar 28 ga Janairu, 1986, an harba kumbon Challenger da safiyar da aka kwana ana tsananin sanyi, alhali wasu injiniyoyi sun yi gargaɗi cewa robar da ke toshe mahaɗar rokar ba za ta jure ba. Daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse, mutum bakwai da ke ciki suka rasu, cikinsu har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe, wadda iyayenta ke zaune cikin 'yan kallo suna gani. Tun daga ranar duniya ta ƙara fahimtar cewa gara ɗan kallo ya yi asarar tikiti da a yi gaggawar da za ta haifi nawa.

Me ya sa abin yake da wuya haka? Jama'a da yawa suna zaton nisa ne. Ba nisa ba ne. Masana sun ɗauki kilomita 100 daga doron ƙasa a matsayin bakin sararin samaniya, ku kuwa kun san daga nan zuwa Kano ya fi haka. Ashe samaniya ta fi Kano kusa da Kongolam. Wahalar tana ga gudu. Duk abin da ake so ya zauna yana kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba, tilas ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda, gudun da zai kai mutum Kano daga nan cikin ƙasa da daƙiƙa ashirin. Samun wannan gudu shi ke cin mai. Rokar Saturn V da ta ɗauki Apollo 11 tsawonta mita 110 ne, nauyinta kusan tan 3,000, watau lodin tireloli ɗari masu tan talatin-talatin, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na wannan nauyi mai ne da iskar da ke ƙona shi.

Saboda haka ne ma ba a kafa tashar harbi ko'ina. Duniya tana juyawa gabas, kuma a kan layin ikwaita juyawar ta fi sauri, wajen kilomita 1,670 a sa'a. Rokar da aka harba gabas daga kusa da layin tana samun wannan gudu kyauta. Shi ya sa Faransa da sauran ƙasashen Turai suke harba nasu daga Kourou a Kudancin Amurka, shi ya sa kuma Italiya ta kafa dandamali a teku kusa da Malindi ta ƙasar Kenya, inda aka harba tauraron Uhuru ranar 12 ga Disamba, 1970. Ta fuskar kusanci da layin, mu nan da muke wajen digiri 13 mun fi Florida da ke digiri 28 da rabi. Sai dai gabas da mu gonaki ne da garuruwa, Zango da Baure har zuwa Barno da Chadi, roka kuwa tana yar da gangunanta a hanya in mansu ya ƙare. Dole gabanta ya zama teku ko hamadar da ba kowa.

Yanzu bari mu juyo gida, domin ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi, ko da yake ba a cika koya mana shi ba. A farkon shekarun 1960, hukumar NASA ta kafa tashoshi a sassan duniya don bin sawun kumbunanta, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya ratsa ta samanmu, ya yi magana da tashar Kano, har ya gaya musu yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, suka amsa masa cewa ai an kwana biyu ana iska. Hunturunmu ne ya gani. Bayan shekara guda da rabi, ranar 23 ga Agusta, 1963, Shugaba Kennedy ya yi waya da Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa da ke tsaye a tashar Ikko. Wannan ce hira ta farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi ta tauraron ɗan Adam. Ku lura da abu guda: a duka biyun ƙasar tamu ce, amma na'urorin na baƙi ne.

An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, watau NASRDA, a 1999. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, aka harba shi daga Plesetsk ta arewacin Rasha a watan Satumba na 2003. Ya yi aiki abin yabo, har yana cikin waɗanda suka ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Na sadarwa, NigComSat-1, ƙasar Sin ce ta ƙera shi, ta harba shi daga Xichang a watan Mayu na 2007. Ya mutu a Nuwamba 2008 saboda lalacewar fukafukansa masu tara hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011, daga wannan tasha dai. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Yasny, ita ma a Rasha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗin jama'ar Nijeriya ne ya biya shi, amma babu wanda ya tashi daga ƙasarmu ko a kan rokarmu. Talakan da aka yi aikin da dukiyarsa, in ya gani to a akwatin talabijin ne. Kai, har ɗan Nijeriya na farko da ya haura kilomita ɗarin nan, Owolabi Salis, a watan Yuni na 2025, fasinja ne a rokar kamfanin Blue Origin, cikin tafiyar da ba ta wuce minti goma da 'yan kai ba. Muna taya shi murna, amma fasinja daban, mai mota daban, maƙerin mota kuma daban.

A nan ne tambayar da muka ajiye da farko take dawowa: ƙasar da ke fama da yunwa da jahilci, ya dace ta ɗaga kai sama? Ba mu muka fara yin ta ba. Ana gobe za a harba Apollo 11, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King a gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, ya jagoranci iyalai matalauta da amalanken alfadarai har ƙofar tashar Kennedy, don nuna takaicin yadda ake ƙona dukiya a sama alhali akwai masu kwana da yunwa a ƙasa. Shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, ya fito ya same su, ya ce musu da fasa harbin zai share musu hawaye, da an fasa. Sa'an nan ya ba wasunsu izinin zama a wurin manyan baƙi, suka kalli tashin rokar washegari. Sun sami tikiti kyauta, amma tikiti bai amsa tambayarsu ba.

Amsar, a ganina, tana cikin abin da rokar ke ɗauke da shi, ba cikin wuta da hayaƙin da ake tafa wa ba. Dattawan da ke nan ba su manta da farin 1973 ba, sa'ad da dabbobi suka ƙare, mutane suka yi ta kwararowa daga arewa ta wannan hanya da muke zaune a bakinta. Wannan masifa ce ta sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, wadda ke amfani da hotunan taurarin ɗan Adam wajen lura da ruwan sama da ciyawa da amfanin gona, don a hango yunwa tun ba ta iso ba. Hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasarmu ke fitarwa kowace shekara, wanda ke gaya wa manomin gero yaushe ya kamata ya yi shuka, shi ma yana dogara da irin waɗannan hotuna. Taswirar da ke cikin wayar direban da ya ɗauko kaya zuwa Damagaram daga sama ake nuna mata inda take. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin darajar wannan. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023, kasuwa ta mutu, zumunci ya yi wuya; amma hadari bai taɓa tsayawa a shingen kwastan ba, fara ma ba ta nuna fasfo. Idon da zai ga Daura da Matamaye a hoto ɗaya, ya ce ga inda ruwa ya yi ƙaranci, ga inda rairayi ke cin gona, sai daga sama. Ƙasar da ba ta da irin wannan ido nata na kanta, ko ba ta da 'ya'yan da za su karanta abin da ya gani, za ta dawwama tana sayen labarin gonarta daga hannun wasu.

Ku ɗauki misali da hawan Salla. Duk shekara baƙi na zuwa Daura da Katsina da Kano daga ƙasashe masu nisa, su kashe kuɗi masu yawa don su ga hawa. Suna ɗaukar hoto, su yi mamaki, su koma. Amma ko ɗan yaro a garin nan ya san hawa ba ranar Salla ake yinsa ba. Akwai mai kiwon doki da ya shekara yana ba shi dawa da harawa, akwai baduku da ya ɗinka sirdi, da maƙerin da ya ƙera linzami da likkafa, da maɗinkin riga, da makaɗi da mabushi da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Baƙo ya sayi kallo, amma hawan namu ne, domin mu ke da waɗannan hannaye. To, haka roka take. Mutum wajen 400,000 ne suka yi aikin shirin Apollo: masu lissafi, da masu walda, da masu harhaɗa sinadarai, da mata maɗinka da suka ɗinka rigunan 'yan sama jannati, da akawuna masu tsare lissafin kuɗi da kaya. Minti biyun da ɗan kallo ke biya dominsu, ranar Salla ce kawai. A hawa mu ne masu gida. A harbin roka mu ne baƙi masu ɗaukar hoto.

Ba na faɗin haka don in karya muku gwiwa, domin akwai shaidar cewa ƙofar ba a kulle take ba. NigeriaSat-X da na ambata, injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a lokacin da suke samun horo a Ingila. Hukumar NASRDA tana da cibiyar nazarin hotunan sama a Jos, da ta auna doron ƙasa a Toro ta jihar Bauci, da ta nazarin roka a Epe. Daɗin daɗawa, ranar 3 ga Yuni, 2017, rokar Falcon 9 ta tashi daga dandamalin da Apollo 11 ya tashi, tana ɗauke da wani ɗan tauraro mai nauyin kilo ɗaya, NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi tare da wata jami'a ta ƙasar Japan. Bai fi ƙaramin akwatin sabulu girma ba, amma ya kewaya duniya kusan shekara biyu. A ranar nan akwai waɗanda suka sayi tikiti suka kalla, akwai kuma 'yan Nijeriya da aikin hannunsu ke cikin rokar. Wanne kuke so ku zama? Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Lissafin da ake koyarwa a cikinsu shi ne dai wanda ake harba roka da shi, babu wani na daban da aka ɓoye wa baƙar fata.

Duk da haka ban ce kallo banza ne ba. Gani ya kori ji, kuma injiniyoyi da dama sun shaida cewa abin da suka gani suna yara ne ya sa su a hanya. Ƙasar Indiya ta gane wannan, shi ya sa a 2019 ta buɗe dandalin kallo a tasharta ta Sriharikota, inda ɗan ƙasa ke rubuta sunansa ta intanet ya shiga ba tare da biyan ko kwabo ba, ana kuma kai 'yan makaranta. Saboda haka wanda Allah ya kai shi Amurka cikinku, ko don karatu ko don kwas, in hali ya yi ya je ya gani. Sai dai ya kiyaye abu uku. Na farko, ya sayi tikiti daga sashen baƙi na tashar kai tsaye, ya karanta sharuɗɗan fasawa, kada ya miƙa kuɗinsa ga dillalin da bai sani ba. Na biyu, ya bar wa kansa sararin kwanaki, tun da ranar da aka sa ba ita ce lalle ranar tashi ba. Na uku, ya san cewa a bakin kogi a garin Titusville da gaɓar tekun da ke kewaye ana kallo kyauta, rugugin kuma yana kaiwa can. Wanda kuwa zai ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makaranta, ko, Allah ya kiyaye, ya sa hannu a dukiyar ofis don ya je kallon minti biyu, to ya sayi nadama da tsada.

Ga sauranmu kuma, akwai kallon da ba a sayar da tikitinsa, kuma Kongolam ta fi manyan birane dacewa da shi saboda duhun samanta. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune a cikinta tun Nuwamba 2000, tana kewaya duniya a tsayin wajen kilomita 400, sau ɗaya cikin kowane minti 90. Idan ta ratsa ta kanmu, ta fi Abuja kusa da mu. Ana ganinta da ido bayan magariba ko kafin asuba, kamar tauraro mai haske ƙwarai da ke tafiya a natse, ba ya ƙyaftawa irin ta fitilar jirgin sama, ya ƙetare sama cikin 'yan mintoci. Akwai manhajojin waya da ke faɗin rana da lokacin da za ta wuce kowane gari. Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki da Zara, da su suke gane lokaci da hanya, har yau kuma mukan fita duban jinjirin wata. Ɗaga kai sama ba baƙon abu ba ne gare mu.

Abin da nake roƙonku shi ne, kafin hutun nan ya ƙare, kowannenku ya tara ƙannensa, maza da mata, ya fita da su bayan gari, ya nuna musu wannan haske, ya ce musu akwai mutane a ciki, kuma karatu ne ya kai su. Idan yaro ya tambaya me ya hana ta faɗowa, ku zauna ku yi masa bayani har ya gane; wanda bai iya ba ya koma ga littafinsa. Ku kuma ma'aikata, ranar da takardar kuɗin ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta ta biyo ta teburinku, ku tuna da wannan zama, kada ku bar ta ta kwana a aljihun tebur. Ba a fafe gora ranar tafiya.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.